Aradu Ba Alƙali Ba Ce

Mu matan wata ƙungiya ce a wani ƙauye da ke gefen tafkin Madarunfa, mu ashirin da takwas. Mun daɗe muna karanta labaran 'yan'uwa a wannan takarda, ko mu ce ana karanta mana, don waɗanda suka yi lakwal a cikinmu ba su wuce huɗu ba. Mun ji na masu kiwon tumaki, mun ji na masu rumbun tsimi, mun ji na waɗanda suka sayi injin niƙa. Namu labarin babu riba a cikinsa, kuma sai da muka yi zama uku kafin mu yarda a rubuta shi, domin akwai abin kunyarmu a ciki. Abin da ya sa muka yarda, ga shi an gama sharar gona, hadari ya fara leƙowa daga gabas, kuma abin da ya same mu yana iya samun kowace ƙungiya. Ba za mu faɗi suna ba. Mutanen garinmu sun san kowa, na nesa kuma darasin ya ishe su.

Kowace ƙungiya tana da uwar ƙungiya, da mai ajiyar akwati, da masu riƙon makulli, da masu ƙirga. Tun 1991 da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a nan jihar Maradi, iyayenmu da ka suke riƙe lissafi, babu biro babu takarda. Mu ma haka muka gada. Babbar mai ƙirgarmu, wadda duk muke ce wa Yaya, ba ta taɓa zama aji ba, amma kanta ya fi littafi. Za ta gaya miki ranar da kika ɗauki jika biyar, da launin zanen da kika ɗaura ran nan, da saura nawa ake binki har da riba. Shekara tara tana ƙirga kuɗinmu, dala ɗaya ba ta taɓa ɓata ba. In gardama ta tashi, ita ake dubawa, abin da ta faɗa kuma shi ke nan.

Daminar bara waccan, cikin watan takwas, muka yi mata gayyar maimai a gamanarta, mu goma sha ɗaya. Hatsi ya kai ƙugu. Wajen la'asar ɗiyar ɗaya daga cikinmu, yarinya 'yar shekara goma sha uku, ta kawo mana hura da ruwa. Ba mu gama sha ba gabas ta yi baƙi ƙirin. Mun ji cida tun daga nesa, sau biyu ko uku, amma saura kunya kaɗan mu gama, sai muka ce a daure. Kun dai san halinmu, wa zai bar aiki saura ƙiris don an yi cida? Iska ta taso da ƙura, ruwa ya kece. A tsakiyar gonar akwai wata babbar tsamiya, ita kaɗai, an ɗaure san amalanke kusa da ita. Gawon da ke gefe ba shi da ganye, kun san shi da damina yake kaɗe nasa, don haka kowa tsamiya ya nufa. Mutum shida da yarinyar suka riga mu. Mu biyar da ba mu samu wuri ba muka duƙa cikin hatsi, muka lulluɓa da buhu, muna jin haushin waɗanda suka samu mafaka.

Ba ƙara muka fara ji ba. Haske ne fari fat, har ta cikin buhu, sai ƙasa ta doke mu ta tafin ƙafa kamar an maka mana taɓarya. Ƙarar da ta biyo, har yau babu wadda ta iya kwatanta ta. Da muka ɗaga kai, sai warin ƙonannen gashi. Ɓawon tsamiyar ya tsage daga sama har ƙasa, san yana kwance ko shurawa bai yi ba. Mutanenmu duk suna zube. Uku suka tashi suna tangaɗi suna salati. Biyu suna kuka suna jan jiki, suna cewa ƙafafunsu sun mutu. Yaya tana kwance tana wani irin numfashi mai gurnani. Yarinyar kuwa, wadda ta jingina da jikin iccen, ba ta motsi.

Nan ne abin kunyar yake. Wani dattijo daga gonar maƙwabta ya rugo yana ɗaga hannu: "Kada ku taɓa su! Wutar tana jikinsu! Ku tura a kawo madara!" Duk mun taso da jin haka, cewa wanda aradu ta faɗa wa ba a taɓa shi sai an yayyafa masa madara, in ba haka ba wutar ta koma kan mai taɓawa. Aka tura yaro rugar Fulani da gudu. Uwar yarinyar, wadda tana cikin mu biyar na cikin hatsi, ta zabura za ta ɗauki ɗiyarta. Mu da hannunmu muka riƙe ta. Tana fizga tana cewa, "Ku sake ni, in wutar ce ta ci ni," mu huɗu muka danne ta cikin taɓo, muna ganin ceton ranta muke yi. Kafin madara ta iso, ya kai tsawon da mace za ta surfa hatsi ta wanke. Aka yayyafa, aka taɓa. Yarinyar ta riga mu gidan gaskiya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Aka aro amalanken jaki, muka kwashi Yaya da masu ƙafafun zuwa gidan likita. A hanya muna taɓa ƙafafun nan, sun yi sanyi ƙalau, launinsu ya sauya, ko an mintsine su ba su ji. Mun ɗauka sun gurgunce ke nan. Kafin asuba sai ga su suna motsa yatsu, washegari da ƙafarsu suka koma gida. Majo ya ce an san wannan, tsawa tana sa jijiyoyin ƙafa su ɗauke na ɗan lokaci, yawanci cikin wasu awoyi sukan dawo. A bayan Yaya da kafaɗarta akwai wani jan zane mai rassa-rassa, kamar an yi mata ƙunshi da hoton reshen icce. Tsofaffi suka ce rubutun aljanu ne. Majo ya ce alama ce da tsawa kan bari a fata, ba ƙuna ba ce, kuma za ta ɓace da kanta. Kwana biyu babu ita. Inda ta ƙone da gaske shi ne wuya, wurin da sarƙarta ta kwanta, da ƙugu inda ta ɗaura makullin ɗakinta. Dodon kunnenta na hagu kuma ya fashe.

Da muka ba majo labarin madara, ya yi shiru ya daɗe. Sannan ya ce, "Iyayena, rai na Allah ne, ba zan ce muku da kun yi kaza da ta rayu ba. Amma ku riƙe wannan don gaba: jikin mutum ba ya ajiye wutar tsawa. Ƙiftawar ido take wucewa ta shige ƙasa. Kuna iya taɓa shi nan take, babu abin da zai same ku." Ya ce abin da ya fi kashe wanda tsawa ta taɓa ba ƙuna ba ce, zuciya ce ke tsayawa da numfashi. Wani lokaci zuciyar takan farfaɗo da kanta, amma numfashi bai dawo ba, to in babu mai hura wa mutum iska, sai ta sake tsayawa. Shi ya sa mintocin farko su ne komai. Ya ce in mutane da yawa suka zube, a fara da wanda ya yi shiru kamar gawa, domin mai kuka da mai nishi suna numfashi, za su iya jira. Mu kuwa akasin haka muka yi, muka zagaye masu kuka daga nesa muna ba su haƙuri. Babu wadda ta iya haɗa ido da uwar yarinyar a ɗakin nan.

Mun ɗauka da aka yi sadakar bakwai, aka sallamo Yaya, magana ta ƙare. Ashe tsawa tana da wani ciwon da ba ya nuna jini. Majo ya gaya mana cewa a ƙasashen da ake rubuta lissafin waɗannan abubuwa, cikin mutum 10 da tsawa ta taɓa kusan 9 suna rayuwa, sai dai da yawansu ba su komawa yadda suke. Mun gani da idonmu. Yaya ta dawo, jiki lafiya lau a ido, amma kunne ɗaya ba ya ji, ɗayan kuma yana mata ƙara kamar kukan gyare dare da rana. Ciwon kai ba ya barinta. Barci ya ƙaurace mata. Mace mai haƙuri da ba a taɓa jin muryarta a waje ba, sai ga ta tana yi wa jikoki tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, daga baya ta zauna tana kuka. Za ta ɗora tukunya ta manta ko ta sa gishiri. Za ta shiga ɗaki ta tsaya, ta rasa abin da ya kai ta.

Mu da tsawar ta tsallake ma ba mu fita haka nan ba. Ɗaya daga cikin mu biyar, har ƙarshen daminar, in ta ji cida sai cikinta ya ɗuri ruwa ta shige ƙarƙashin gado. Wata in an yi walƙiya sai ta ji warin ƙonannen gashin nan a hancinta. Wata ta bar gamanarta ciyawa ta cinye, don ba ta iya zuwa gona in ta ga ko ɗan gajimare. Mazanmu suna cewa ai ku babu abin da ya taɓa ku, mene ne na firgita? Mu ma kunya ta hana mu faɗa wa juna, kowace tana ganin ita kaɗai ce ta zama raguwa. Ga asarar dukiya: sa ya mutu, gonar Yaya ba a gama maimai ba, kuɗin magani, ga bashin jika goma da ta ɗauka don sayen gujiya ta yi mai da ƙuli-ƙuli, ba ta da ƙarfin tuyawa.

Sai kuma bakin mutane. Kun san abin da ake faɗa tun kaka da kakanni, cewa aradu tana bin ɓarawo da mai rantsuwar ƙarya. Ba shi ya sa in an matsa wa mutum yakan rantse da aradu ko kwarankwatsa ba? To, a bakin rijiya aka fara raɗa: duk matan da ke gonar, me ya sa mai ƙirga kuɗi ta fi jin jiki? Ita yarinyar an ce tsautsayi ne ya haɗa da ita. Da farko mun yi tsaki. Amma zama na uku bayan dawowarta, aka buɗe akwati aka ƙirga, aka haɗa da basussukan da Yaya ta lissafo, sai jika huɗu suka ƙi fitowa. Aka sake, haka. Yaya ta riƙe kai da hannu biyu tana jera tsakuwa tana rushewa, gumi yana zubo mata. Ta ce, "Wallahi na san akwai wadda na miƙa wa kuɗi, ina ganin hannun, amma fuskar ta ɓace mini."

Babu wadda ta ce mata ɓarauniya. Abin da muka yi ya fi haka muni, shiru muka yi. Muka tashi ba a yi addu'ar rufe taro da daɗin rai ba. Mako mai zuwa mata shida ba su zo ba, biyu suka aiko a ba su zubinsu su fita. Wadda ta saba aiko wa Yaya da tuwo ta daina. Mijin Yaya ya ce zai sayar da akuya ya biya jika huɗun don a bar iyalinsa su huta, ita kuwa ta ce in ya biya, ya tabbatar wa duniya ta ci. Mako uku muna cikin wannan hali, ƙungiyar da muka yi shekara tara muna ginawa tana neman watsewa a kan raɗar bakin rijiya. Hausawa sun ce zato zunubi, mu mun ɗauke shi a ka muna yawo.

A zama na huɗu uwar ƙungiya ta ce babu mai tashi sai an yi ta ta ƙare. Ta ce kowace ta faɗi da bakinta abin da ake binta, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka koya mana tun farko muka yi sakaci muka bar wa kan mutum ɗaya. Da layi ya zo kan wata ƙanwarmu, sai ta fashe da kuka. Ita ce ta ɗauki jika huɗun, a zaman ƙarshe kafin gayya, ana gaggawar tashi saboda ruwa, rumbunsu ya ƙare yara ba su da abin ci. Da ta ga Yaya ta manta, sai ta ce bari ta yi shiru har kaka ta mayar a ɓoye. Kullum tana so ta faɗa, kullum abin yana ƙara nauyi. Ta rarrafa ta kama ƙafar Yaya. Yaya ta juyo da kunnenta mai ji, ta sa aka maimaita mata, sannan ta ce, "Tashi, ƙanwata. Yunwar watan takwas na san ta. Ni dai Alhamdu lillahi, ashe ba haukacewa na yi ba."

Ba mu kori ƙanwar tamu ba, ta biya da kaka har da tara. Wa zai jefe ta a cikinmu? Ita ta ɓoye jika huɗu, mu ashirin da wani abu mun ɓoye gaskiyar da muka sani ta shekara tara. Kuma ku duba, 'yan'uwa: wadda ta riƙe kuɗin ba ta je gonar ba ma ran nan, tana gida lafiya lau. Wadda ta rasu yarinya ce da ta kawo wa iyayenta hura. In da aradu alƙali ce, haka za ta yanke hukunci? Mun kai maganar gaban liman, ya ce tsawa halitta ce cikin halittun Allah, har sura guda ke ɗauke da sunanta a Alƙur'ani, Suratur Ra'ad, tana samun wanda Allah Ya ƙaddara, kuma babu wanda aka ba izinin ya dubi musibar ɗan'uwansa ya ce alhaki ne. Ya yi wa'azi a kan haka ranar Juma'a, raɗar ta mutu.

Daga nan muka shiga tambaya, wurin majo da wurin mushen lakwal ɗin garinmu, domin rashin sani ya fi dare duhu. Sun ce walƙiya da tsawa abu ɗaya ne, wutar lantarki ce da ke taruwa cikin hadari ta sauko ƙasa. Zafinta yana kai digiri 30,000, wajen ninki biyar na zafin fuskar rana, shi ke sa iska ta fashe da ƙarar da muke ji. Takan nemi abin da ya fi tsawo a fili: icce guda a tsakiyar gona, ko mutum tsaye a fako, ko masunci cikin jirgi a kan tafki. Ba kasafai take faɗa wa mutum kai tsaye ba. Ta kan sauka a icce ta yi tsalle zuwa ga wanda ke jikinsa, kamar yadda ta yi wa ɗiyarmu, ko ta bazu cikin ƙasa ta shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗayar, irin dukan da muka ji cikin hatsi. Wannan ta cikin ƙasa ita ta fi yawan taɓa mutane. Shi ya sa take kashe shanu da yawa, domin tazarar ƙafafun gaba da na baya tana da faɗi, wutar kuma ta ratsa ta zuciya. A 2019 a garin Ijare na jihar Ondo a Nijeriya, shanu 36 ta kashe a dare ɗaya.

Mushe ya ce ba mu kaɗai ke kukan wannan ba. A Yuganda, ranar 28 ga watan shida na 2011, tsawa ta faɗa wa makarantar firamare ta Runyanya, ta kashe yara 18, shi ya sa aka ware ranar 28 ga watan shida ta kowace shekara don faɗakarwa a kan tsawa. A Zimbabuwe a 1975 mutum 21 suka mutu cikin bukka ɗaya da suka fake. A Ruwanda a 2018 ta kashe mutum 16 cikin coci. Duk wuraren nan, mutane ne suka taru wuri guda suna ganin sun fake. Har dutsen nan mai santsi da ake tsinta a gona ana ce masa gatarin aradu mun tambaya. Ya ce gatari ne na gaske, amma mutanen da suka zauna ƙasar nan dubban shekaru da suka wuce ne suka sassaƙa shi, ruwa ke tono shi, tsawa ba ta jefo dutse.

Ya kuma koya mana ƙirga, abin da ya fi mana sauƙi tunda sana'armu ce. Haske yana riga ƙara isowa. In kin ga walƙiya, ki ƙirga a hankali har ki ji tsawa. Kowane sakan 3 kilomita 1 ne. In ba ki kai 30 ba, tana cikin kilomita 10, kuma daga wannan nisan tana iya kai miki, ko da ɗigon ruwa bai sauka a kanki ba. Gajeren zance, in kunnenki ya ji cida, lokacin barin gona ya yi. In an ɗauke kuma, a ba da minti 30 bayan tsawar ƙarshe kafin a fita. Ran nan mun ji cida sau uku muka ci gaba da noma. Da mun ajiye hauya tun ta farko, da ruwan a gida zai same mu.

Ga abin da muka sauya a dokokin ƙungiya, ko wasu za su ɗauka. Da damina mun bar zama gindin dogon yaro, mun koma zauren uwar ƙungiya, kuma da hantsi muke taro tunda hadarinmu ya fi zuwa da yamma ko da dare. Wadda hadari ya tare ba ta biyan tarar latti, don kada tsoron dala biyar ya sa mace ta ratso fili ana walƙiya. In ana gayya, akwai wadda aikinta sauraren gabas, in ta ce a tashi, ko kunya ɗaya ta rage a tashi. In ya rutsa da mu a fili babu yadda za mu yi, ba ma zuwa gindin icce, ba ma cunkushewa wuri ɗaya, mukan watsu da tazara don in ta taɓa wata a samu mai taimako. A sauke itace ko kwano daga ka, a nisanci bakin ruwa da shingen waya, kada a kwanta a ƙasa, a haɗe ƙafafu, kuma a ci gaba da neman gini. Yaran da ke kiwo da masu wanki a bakin tafki mun ja musu kunne. Salula ba ta jawo tsawa kamar yadda ake faɗa, sai dai kada a riƙe ta tana jone da wayar caji.

Ba za mu ɓoye muku ba, gidajenmu ma ba cikakkiyar mafaka ba ce. Rumfa da bukkar gona ba su tsare komai sai jiƙewa. Abin da ya fi tsaro shi ne babban gini mai sandar kariya, wato ƙarfen da ake kafawa a saman rufi a ja shi da waya mai kauri har cikin ƙasa, ko kuma cikin mota mai rufin ƙarfe an rufe gilasai. Mu ba mu da ko ɗaya. Ɗakin ƙasa dai ya fi fili, a zauna tsakiya, a nisanci bango da bakin ƙofa. Mun fara magana da sauran ƙungiyoyin garinmu da iyayen yara a kan a nemi wanda ya san aikin ya kafa wa lakwal sandar nan, domin can ne ɗiyanmu suke taruwa da yawa a farkon damina. Kuɗin ya fi ƙarfin akwati ɗaya, amma hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Mun roƙi majo ya zo zamanmu, ya koya mana farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirji, a danna da ƙarfi da sauri, sau 100 zuwa 120 a minti, bayan kowane dannawa 30 a hura masa iska a baki sau 2, ana yi ana neman abin ɗauka zuwa likita. Da buhun yashi muka gwada, ana dariya ana hawaye. Ku ma ku nemi ma'aikacin lafiyar yankinku ya nuna muku da hannu, karatu kaɗai ba ya isa. Ya ce duk wanda tsawa ta taɓa a kai shi likita ko ya tashi da ƙafarsa, kuma a dinga duba idonsa, domin yanar ido tana iya biyo baya ko bayan watanni.

Asusun taimako, wanda da muke zuba masa dala biyar-biyar don suna da rasuwa, mun ƙara shi zuwa dala goma, mun sa jinyar da ta daɗe a ciki. Bashin Yaya mun ɗage shi har bayan kaka babu riba, muka ƙarasa mata maimai. Lissafi yanzu kowace tana riƙe nata da na maƙwabciyar zamanta, ɗiyarmu mai lakwal kuma tana rubutawa. Yaya ta so ta sauka, muka ƙi. Tana nan tana ƙirga, a hankali, da mataimakiya a gefen kunnenta mai ji. Barcinta ya fara dawowa, mantuwar ta ragu amma ba ta tafi duka ba. In hadari ya haɗo, biyu daga cikinmu sukan je su zauna da ita har a ɗauke. Mu ma masu tsoron cida, tun da muka fara faɗa wa juna, abin ya yi sauƙi.

Uwar yarinyar ta yi wata biyar ba ta zo taro ba, muna zuba mata nata. Ranar da muka tattaru muka je neman gafararta a kan riƙon da muka yi mata, ta ce ta yafe tun a gonar, don ta san da ita ce a wurinmu haka za ta yi. Abu ɗaya ta roƙa, shi ne a rubuta wannan a aika wa sauran ƙungiyoyi, don kada a sake riƙe wata uwa ana jiran madara. Ranar koyon danna ƙirji ita ta fara durƙusawa gaban buhun.

To 'yan'uwa, saƙon ke nan. Ku karanta shi a zamanku kafin ruwa ya zauna, ku gaya wa mazanku da yaran kiwo. Allah Ya jiƙan ɗiyarmu, Ya ba Yaya sauran lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da ku daga sharrin abin da ke cikin hadari. Amin.

Daga 'yan'uwanku na gefen tafkin Madarunfa.